Kiwon Tarantula: Abin da Jikinta Yake Bukata da Abin da Kasuwa Take Yi Mata

Ranar da ta fi tayar wa sabon mai kiwon tarantula, wato ƙaton gizo-gizo mai gashi, hankali ita ce ranar da zai leƙa akwati ya tarar da ita kwance a rigingine, ƙafafu takwas a sama, ko motsi babu. Makonni kafin nan ta daina cin abinci, ta toshe bakin raminta da ƙasa da zare, launinta ya dushe. Duk wanda ya saba da kaji ko tantabaru zai ce ai ta mutu. Wasu sukan sa hannu su juya ta, wasu su yayyafa mata ruwa, wasu ma su ɗauka su zubar. Alhali kuwa lafiyarta ƙalau, saɓa za ta yi, kuma taɓawar nan ita ce za ta iya halaka ta. Tarantular da take mutuwa da gaske ba ta cika kwanciya a bayanta ba. A kife take, sai ƙafafun su nannaɗe su shige ƙarƙashin jikinta.

Yawancin kurakuran da ake yi a kiwon wannan halitta daga wuri ɗaya suke fitowa: ana auna ta da ma'aunin kyanwa ko aku, dabbobin da suke son a kula su, a taɓa su, a ciyar da su safe da yamma. Tarantula rayuwarta a sannu take tafiya, jikinta kuma ya fi yadda ake zato rauni. Wanda ya fahimci waɗannan abubuwa biyu ya fahimci kiwonta, ya kuma fahimci dalilin da ya sa cinikinta ya zama abin damuwa.

Tarantula gizo-gizo ne, daga dangin da masana suke kira Theraphosidae, wanda aka rubuta nau'o'insa fiye da 1,000. Ana samunsu a nahiyar Amurka, Afirka, kudancin Asiya, Ostireliya, har da ɗan gefen kudancin Turai. Wasu suna haƙa rami mai zurfi su shafe kusan dukan rayuwarsu a ciki, wasu suna fakewa ƙarƙashin dutse ko kututture, wasu kuma a kan itatuwa suke, cikin kogo ko bayan ɓawo. Mafi nauyinsu ita ce Theraphosa blondi ta dazuzzukan arewacin Kudancin Amurka, wadda faɗin ƙafafunta kan kai santimita 28, nauyinta kuma ya kai wajen giram 170. Ana yi mata laƙabi da mai cin tsuntsu, abin da ya samo asali daga zanen da Maria Sibylla Merian ta wallafa a 1705 bayan zamanta a Suriname, inda ta nuna wata tarantula a kan ɗan tsuntsu. Hakan kan faru amma ba kasafai ba. Cimarta ta yau da kullum ƙwari ne da tana da kwaɗi.

Ba ta saƙa yanar kama ƙuda irin wadda muke sharewa a kusurwar ɗaki. Zarenta na shimfiɗa ne: tana lulluɓe bangon raminta da shi, ta baza wasu zaruruwa a bakin ƙofa, sannan ta zauna ta jira. Idanunta takwas ne amma ganinta bai wuce bambance haske da duhu da giftawar abu ba. Da gashin jikinta take sanin duniya. Gyare ya taka ƙasa a kusa, girgizar ta iso ƙafafunta, kafin ka ƙifta ido ta danne shi da fiƙoƙinta biyu, waɗanda suke sara daga sama zuwa ƙasa. Ba ta tauna. Tana zuba wa abin da ta kama ruwan narkarwa, naman ya narke, ta tsotse, ta bar ɗan dunƙulen busasshen ɓawo ta kai shi gefe ta ajiye.

Inda rauninta yake shi ne a ƙirar jikin. Ba ta da ƙashi a ciki, ɓawon waje ne yake riƙe ta. Manyan gaɓoɓin ƙafafunta suna da tsokar lanƙwasawa amma ba su da ta miƙewa, don haka da matsin ruwan jikinta take miƙe su. Wannan ruwan shi ne jininta, kuma sinadarin tagulla ne yake ɗaukar iska a cikinsa, shi ya sa yake da ɗan shuɗi-shuɗi maimakon ja. Idan ƙishirwa ta kama ta, ko jinin ya zuba, matsin ya faɗi, sai ƙafafun su nannaɗe da kansu. Nannaɗewar mutuwar da aka ambata ke nan. Cikinta kuwa, wannan ƙaton ɓangaren baya mai gashi, fatarsa siririya ce, a nan zuciya da hanji da huhu suke. Babbar tarantula mai zama a ƙasa idan ta suɓuce daga hannun mutum ta faɗi a kan siminti, cikin kan fashe, kuma da wuya ta tashi. Halittar da mutane suke gudu saboda tsoro, faɗuwa daga kan tebur ta isa ta kashe ta.

Tun da ɓawo ba ya girma, dole ta riƙa fita daga cikinsa, kuma a nan ne abin al'ajabin yake. Sabon ɓawo yana haɗuwa a ƙarƙashin tsohon tun makonni kafin ranar. A nau'o'in Amurka, idan akwai wurin da gashi ya zube a bayan ciki, za ka ga fatar wurin ta juye daga ruwan hoda zuwa baƙi mai sheƙi, alamar lokaci ya matso. Ranar da za ta yi, sai ta saƙa tabarmar zare ta kwanta a kai a rigingine. Tana tura jini gaba har murfin ƙirjinta ya ɓalle, sannan ta shiga zare ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana matsawa tana hutawa. Ƙarama kan gama cikin ƙasa da awa guda, babba kuwa tana iya kwashe yini. Abin da take tuɓewa bai tsaya ga fatar waje ba: har shimfiɗar maƙogwaronta da ta tumbinta da ta huhunta duk suna fita tare da tsohon ɓawon. Ƙafar da ta taɓa gutsurewa takan dawo, siririya da farko, ta cika bayan saɓa biyu ko uku. Idan ta fito, jikinta laushi ne tiɓis, fiƙoƙinta farare fat. A hankali suke yin ja, sannan su koma baƙi, kuma sai sun yi baƙi take iya kama abinci ba tare da ta karya su ba. Ga babba, wannan kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. A cikin waɗannan kwanaki gyare guda da aka manta a akwati yana iya gwaguyar ta har lahira. Masu kiwo sukan ɗauki tsohon ɓawon su jiƙa shi su buɗe cikinsa, domin ta nan ake gane mace ce ko namiji.

Maganar dafi ita ce farkon abin da kowa yake tambaya. Kusan dukansu suna da dafi, amma ba a tabbatar da mutuwar ɗan Adam daga dafin tarantula ba. Sai dai akwai babban bambanci tsakanin na nahiyar Amurka da na Afirka da Asiya. Na Amurka, irin su Brachypelma ta Meziko mai jan gwiwa da Grammostola ta Chile, cizonsu bai cika wuce zafi da kumburi ba, kuma ba su da saurin cizo. Makaminsu wani gashi ne mai ƙananan ƙayoyi a bayan ciki, wanda suke karkaɗowa da ƙafafun baya ya tashi a iska. Wanda ya taɓa shiga wurin sussuka ƙaiƙayin gero ya bi masa wuya ya san irin abin da yake yi wa fata. A ido kuwa lamarin ya wuce wasa. A 2009 likitoci a birnin Leeds na Ingila sun duba wani matashi da idonsa ya yi makonni yana ja yana zubar da hawaye, magani ya ƙi ci, sai da suka duba da madubin ƙara girma suka ga ƙananan gasu sun nutse a cikin ƙwayar idon. A lokacin ne ya tuna tarantularsa ta watsa masa gashi yana cikin share mata akwati. Mujallar likitanci ta Lancet ta buga labarin.

Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashi, saboda haka gudu da cizo ne kariyarsu, dafinsu kuma ya fi ƙarfi. Cizon Poecilotheria ta Indiya da Siri Lanka yana jawo zafi mai tsanani da ɗaurewar tsoka da kan yi kwanaki tana dawowa. A nan yammacin Afirka akwai Heteroscodra maculata, fara mai ɗigon baƙi da ake samu a Togo da Gana, da Stromatopelma calceatum mai zama a kan itatuwan kwakwa, dukansu suna da sauri da zafin cizo. A Kamaru akwai Hysterocrates gigas, ƙatuwa mai haƙa rami, wadda ba ta tsoron shiga ruwa. Duk mai kiwon da ya san abin da yake yi ba zai ba sabon shiga ko ɗaya daga cikinsu ba. Dafin nan kuma ya shiga ɗakunan bincike. A 2016 ƙungiyar David Julius ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2021, ta yi amfani da dafin Heteroscodra maculata ta Togo wajen gano rawar da wata ƙofar sinadari a jijiya take takawa a jin zafi. Bayan shekara biyu masu bincike a Ostireliya suka gwada sinadarin nan a kan ɓeraye masu wata muguwar farfaɗiya ta yara da ake kira Dravet, suka ga ya rage musu faɗuwa.

Ita ma tana da masu farautarta. Babban maƙiyinta a Amurka wani ƙaton zanzaro ne na dangin Pepsis, wanda yake harbinta ta sandare ba tare da ta mutu ba, ya ja ta cikin rami, ya saka ƙwai guda a kan cikinta, tsutsarsa ta ƙyanƙyashe ta cinye ta da ranta. Aikin da zanzaronmu yake yi ke nan da ƙananan gizo-gizo da tsutsotsi a ɗakin laka da yake ginawa a bango, sai dai wancan da ƙato yake kokawa.

Sai batun tsawon rai, wanda a ganina shi ne mabuɗin komai. Macen Brachypelma ko Grammostola tana iya kaiwa shekara 20 zuwa 30. Namiji kuwa da zarar ya yi saɓarsa ta balaga, kwanansa ya kusa ƙarewa, shekara ɗaya ko biyu ne galibi. Cin abinci ya ragu, zama ya gagare shi. Yana saƙa ɗan zare ya zuba maniyyinsa a kai, ya ɗebe shi da wasu gaɓoɓi biyu da ke gefen bakinsa, ya fita neman mace. A kudu maso gabashin jihar Kolorado ta Amurka, a watannin Satumba da Oktoba, mazajen Aphonopelma sukan fito da yamma suna ratsa tituna, har garin La Junta yake shirya biki a kan haka. Kowane ɗaya daga cikinsu ya shafe shekara bakwai zuwa goma a rami kafin wannan tafiyar. Idan ya iso ƙofar mace sai ya buga ƙasa da ƙafa, in ta amsa ta fito, ya tokare fiƙoƙinta da wasu ƙugiyoyi da ke ƙafafunsa na gaba, ya yi abin da ya kawo shi, ya gudu. Wani lokaci ba ya tsira. Macen takan naɗe ƙwai a jakar zare, daga gommai zuwa fiye da dubu gwargwadon nau'i, ta yi gadinsu tana jujjuyawa har makonni shida zuwa takwas. Kaɗan ne ƙwarai daga 'ya'yan suke kaiwa girma a daji.

Idan aka riƙe wannan duka, ƙa'idojin kiwo ba sa bukatar hadda. Tun da faɗuwa tana kashe ta, akwatin mai zama a ƙasa ya zama mai faɗi, ba mai tsayi ba, a cika shi da ƙasa ko niƙaƙƙen ɓawon kwakwa har tazarar da ke tsakanin ƙasa da murfi ta zama kaɗan. Mai hawa itace ita ce take son akwati mai tsayi da ɓawon itace a jingine da ramukan iska a gefe. Mai haƙa rami a ba ta ƙasa mai zurfi, a kuma haƙura da rashin ganinta na watanni. Murfin raga ta waya yana maƙale mata farce ta rataye. Ruwa mai tsabta a ɗan murfi marar zurfi kada ya yanke, ba tare da soso ko auduga ba, domin ƙwayoyin cuta kawai suke tarawa. Danshi kuwa ya danganta da inda nau'in ya fito: ta hamadar Chile busasshiyar ƙasa take so, ta dajin Amazon mai laima, kuma akwatin da ya jiƙe babu iska ya kashe tarantula da yawa. Ɗumin ɗaki na digiri 22 zuwa 28 ya ishi yawancinsu. Ɗaya ake sawa a akwati, domin biyu in sun haɗu ɗaya za ta zama abincin ɗaya.

Abinci gyare ne ko kyankyaso ko tsutsa da aka kiwata, wanda bai fi girman cikinta ba. Babba sau ɗaya a mako ko mako biyu ya wadatar, abin da ba ta ci ba kuma a cire shi da dogon hantsaki washegari. Grammostola ta yi suna wajen ƙin cin abinci na watanni ba tare da wata cuta ba. Muddin cikinta a cike yake bai yamutse ba, kuma akwai ruwa, babu abin tashin hankali. Yawan ɗura mata abinci ma illa ne, domin cikin da ya yi ƙiba ya fi saurin fashewa.

Ɗaukarta a hannu fa? Hotunan da suka cika Instagram da TikTok na mutane da tarantula a tafin hannu ko a kafaɗa su ne suke jawo sababbin masu saye, kuma ni ina ganin su ne mafi cutarwa. Ba ta sabawa da mutum yadda kare yake sabawa, ba ta gane mai ita, ba ta samun komai daga taɓawar. Numfashinka kawai ya bugi gashinta yana iya firgita ta ta zabura, daga nan sai faɗuwa. Wanda yake son dabbar da zai shafa, ga kyanwa nan ga zomo. Tarantula ta mai son kallo ce, wanda zai iya zama da dare da ɗan haske ja yana duban yadda take kwaso ƙasa daga rami tana gyara ƙofa.

Ga wanda yake ƙasar Hausa kuma abin ya ba shi sha'awa, akwai ƙarin matsaloli na gida. Zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi yana haura digiri 40, kuma akwatin gilashi a ɗakin kwano ko kusa da taga tanda ne. Hunturu yana busar da ƙasar akwati da kwanon ruwa cikin kwana kaɗan. Fiya-fiya da maganin sauro na fesawa ko na kunnawa, waɗanda kusan babu gidan da ba a amfani da su, guba ne gare ta kai tsaye. Fara ko kyankyason da aka kamo a gona ko a bayan gida yana iya zuwa da maganin ƙwari a jikinsa. Cinnaku kuwa in suka sami hanyar shiga akwati, musamman tana cikin saɓa, sun gama da ita. Kuma duk Musulmi ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya kulle rai a akwati ya ɗauki nauyinsa, kuma a nan nauyin yana iya kaiwa shekara 25.

Jinkirin rayuwar nan shi ne ya sa cinikin tarantula ya fi yadda ake gani haɗari. Mai saye babbar mace yake so, mai launi, wadda za ta daɗe. Kiwata ta daga ƙwai shekaru ne na jira, haƙo ta daga rami kuwa aikin rabin awa ne. Idan aka cire macen da ta shafe shekara goma kafin ta fara haihuwa, an cire duk 'ya'yan da za ta yi a shekara goma sha biyar masu zuwa, kuma tarantula ba ta tafiya nesa balle wasu su zo su cike gurbin. Haka aka yi wa mai jan gwiwa ta gaɓar tekun Pasifik a Meziko, har aka sa ta a jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran daji, a 1985, daga baya aka haɗa da sauran dangin Brachypelma. A taron CITES na Jeneba a 2019 aka ƙara dangin Poecilotheria, wanda a cikinsa akwai Poecilotheria metallica mai shuɗi mai ƙyalli, da ta rage a wani ɗan yankin daji a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, kuma tana cikin jerin halittun da suke dab da ƙarewa.

Dokar ba ta hana fasa-ƙwauri ba. A Disamban 2021 jami'ai a filin jirgin saman Bogota na Kolombiya sun kama Jamusawa biyu da tarantula fiye da 230 a cikin robobi. A Nuwamban 2024 aka tsare wani ɗan Koriya ta Kudu a filin jirgin Lima na Peru bayan an lura cikinsa ya yi girma fiye da kima, aka tarar ya ɗaure tarantula 320 da shanshani 110 a jikinsa cikin ƙananan ledoji. A 2025 kwastam na filin jirgin Kolon da Bon a Jamus suka buɗe kwalayen kek da aka aiko daga Biyetnam suka sami 'ya'yan tarantula wajen 1,500, da yawansu sun riga sun mutu a hanya. Wani bincike da aka buga a 2022 ya gano nau'o'in gizo-gizo da kunamu da danginsu fiye da 1,200 ana tallarsu a intanet, mafi yawansu babu wata dokar ƙasa da ƙasa da take sa ido a kansu. Sabon nau'i ma da zarar masana sun bayyana shi sun faɗi inda yake, ba a daɗewa sai a gan shi a kasuwar Turai.

Ba na cikin masu cewa a haramta kiwon gaba ɗaya. Masu kiwo na gaskiya sun ƙware wajen hayayyafar nau'o'i da yawa a gida, kuma jaka ɗaya ta ƙwai tana iya wadatar da ɗaruruwan masu saye ba tare da an taɓa daji ba. Meziko ta bi wannan hanya, tana ba wasu masu kiwo lasisin hayayyafa da fitarwa da takardu. Yawancin abin da aka sani game da saɓa da barbara da tsawon ran nau'o'i da dama ma daga akwatunan masu kiwo aka fara lura da shi. Abin da ya rage ga mai saye shi ne ya tambayi asalin abin da ake sayar masa, ya fi son ɗan ƙaramin da aka ƙyanƙyashe a gida ko da zai jira shekaru kafin launinsa ya fito, ya kuma yi shakkar duk babbar macen da aka kawo masa da araha babu takarda.

Yankinmu yana cikin wannan kasuwa, ko da yawancinmu ba mu sani ba. Togo da Gana da Benin sun daɗe suna fitar da dabbobin daji masu rai zuwa Turai da Amurka, ciki har da baƙar kunamar nan ƙatuwa, Pandinus imperator, wadda yawan kwasarta ya sa aka shigar da ita CITES a tsakiyar shekarun 1990. Tarantulolin yammacin Afirka, Heteroscodra da Stromatopelma da Hysterocrates, ana sayar da su a shagunan Jamus da Amurka da sunayen ƙasashenmu a jikin robobinsu, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a jerin yarjejeniyar.